Idan Hitar Mota Ta Ƙi Ba Da Zafi

Mutumin da ke zaune a Sintali cikin garin Jalingo yana iya shekara guda bai taɓa maɓallin hitar motarsa ba, domin zafin garin ya ishe shi. Amma direban da ya ɗauki fasinja daga Jalingo, ya bi ta Bali da Serti, ya fara hawan tsaunin Mambila daga Mayo Selbe zuwa Gembu, shi ya san amfaninta. Can sama, wajen mita 1,600 bisa teku, sanyi da hazo sukan sa gilashin gaba ya yi gumi ta ciki, hanya kuwa ga kwana ga rami. Iska mai ɗumi ce ke share wannan gumi.

Hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ya yi zafi cikin inji shi ne ke bi ta tiyo biyu zuwa wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, sa'an nan fanka ta hura iska ta cikinsa. Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne ruwan lagireto, gama in ya yi ƙasa ba zai kai can ba. Sai inji ya huce sarai za a buɗe murfin, in ba haka ba tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya ƙona fuska.

Babbar matsalar ƙasar nan kuwa ita ce tamostat, watau ɗan makullin da ke tsare ruwa cikin inji har ya kai misalin digiri 82 zuwa 90 kafin ya sake shi. Kanikawa da yawa sukan cire shi su yar, wai an yi shi ne don ƙasashen Turai masu ƙanƙara. Wannan kuskure ne. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da kima, ya kuma lalace da wuri. Alamarsa ita ce allurar zafi ta kwanta ƙasa ko da an yi tafiya mai nisa, musamman a gangara. Maganinsa a sayi sabo a mayar.

In allura ta hau daidai amma iska na fitowa da sanyi, sai a taɓa tiyon nan biyu da hankali. Idan ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, galibi saboda tsatsa da laka na ruwan rijiya ko na rafi da ake ɗurawa. Bakanike zai kwance tiyon ya wanke shi da ruwa mai ƙarfi, a zuba ruwan lagireto na kanti. Wani lokaci ma za a tarar an haɗe tiyon biyu da juna tun tuni, don wani ya ga yoyo ya ƙi gyarawa. In kuwa iska ba ta fitowa sam, a duba fis da fanka.

Har wa yau ana gargaɗin direbobi kada su sa kaskon gawayi cikin mota, ko su kwana ciki da inji a kunne da gilasai a rufe. Iskar da ke fita daga gawayi da salansa ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin barcinsa.