Yadda Ake Gyara Ƙasar Lambu a Cikin Garin Minna

Wanda ya taɓa sara fartanya a bayan gida a Tunga, Kpakungu ko Maitumbi ya san yadda take dawo masa da ƙara. Ƙasar Minna a kan dutse da marmara take, ga ɓaraguzan gini da tayoyin mota sun danne ta har ta koma kamar daɓe. Sai dai taurin ƙasa daban, gurɓatarta daban, kuma masu lambu da yawa magani ɗaya suke yi musu. Tauri yana jin diga da taki. Gubar dalma kuwa ba ta ruɓewa, ko an shekara goma ana zuba kashin shanu.

Don haka kafin a ɗauki diga, a tambayi dattawan unguwa tarihin filin. An taɓa yin gareji ana zubar da baƙin mai? An fasa tsofaffin batura, ko an daɗe ana ƙona shara? An taɓa niƙa dutsen zinariya a kusa? Tambayar ƙarshen nan ba ta wasa ba ce a Jihar Neja: a 2015 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi, bayan ɗaruruwan da ta kashe a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Zamfara, kankare ƙasar sama aka yi aka kwashe, aka shimfiɗa sabuwa, domin babu abin da za a zuba ya cinye gubar. Mai hali ya ɗebi ƙasa daga kusurwoyin filin, ya haɗa, ya nemi a gwada masa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen nazarin ƙasa.

Idan filin ba shi da wannan tabo, tauri kaɗai za a yaƙa. A jira ruwan farko na Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta yi danshi amma ba ta zama caɓi ba. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa. In ya kwana bai tsotse ba, akwai ƙanƙararriyar ƙasa a ƙarƙashi, sai a fasa ta da diga, a tsince duwatsu da leda da kwalabe. Sannan a cuɗa ruɓaɓɓen kashin shanu da ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a bar shi ya huce wata biyu zuwa uku. A ja fangali wanda hannu zai kai tsakiyarsa daga gefe, kada ƙafa ta sake hawa, a lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa saboda dukan ruwan Agusta da Satumba. Shuka wake a daminar farko yana ƙara sakin ƙasar.

Idan kuwa akwai shakka, kada a yi ta tono ana tayar da ƙura. A shimfiɗa buhuna, a jera bulo, a cika da ƙasar gona mai tsabta haɗe da taki, ko a shuka a cikin buhunan kansu. Za a ce ai alayyahun da ya fito a kan juji ya fi kowanne kore. Gaskiya ne, juji yana da abincin shuka, amma koren ganye ba ya shaidar cewa babu dalma, kuma yawanci ƙurar da ta maƙale a ganye da hannun yara ce ke kai ta ciki. Za a kuma ce sayen ƙasa da bulo tsada ne. Amma buhu goma a jikin katanga sun isa kayan miyar ƙaramin gida. A irin wannan wuri a fifita tumatir, kuɓewa da barkono a kan ganye da karas, a rufe sauran tsakar filin da ciyawa ko tsakuwa, a wanke duk abin da aka tsinka kafin ya shiga tukunya.