Darasi na Bakwai: Gandun Dajin Yankari

Gandun daji wuri ne da hukuma ta keɓe domin kare itatuwa da namun daji. An keɓe dajin Yankari, da ke Jihar Bauchi ta yau, a shekarar 1956. Gwamnatin Tarayya ta karɓi ragamarsa a 1991, sannan ta mayar wa jihar a 2006. Doka ta haramta farauta da kiwo da saran itace a cikinsa. Sai dai manoman ƙauyukan da ke kewaye suna kokawa, domin giwaye sukan fito su lalata musu amfanin gona. Muddin hukuma ba ta saurari kokensu ba, kare dajin zai yi wuya.

Tambayoyi
1. Mene ne gandun daji?
2. Me ya sa manoma suke kokawa?