FISTOL A ƘUGU: AMSA GA MASU TAMBAYAR MAKAMIN SHIGA DAJI

 

'Yan uwa, akwai tambayar da ta yawaita a wurina tun faɗuwar damina, daga manoma masu gona nesa da gari, da 'yan kabu-kabu, da masu cin kasuwannin ƙauye ta hanyar Ribah da Bena da Dirin Daji. Tambayar ita ce: "Malam, wace ƙaramar bindiga ce mara nauyi da mutum zai soke a ƙugu in zai bi hanyar daji?" Wasu har da sunayen da suka haddace daga bidiyon YouTube, wannan ya ce Glock, wancan ya ce libarba.

Ban ga laifin mai wannan tambaya ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar Zuru ya san abin da ya haife ta. A watan Yunin 2021 'yan sanda da bakinsu suka tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. Kwana biyu bayan haka aka far wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya, sojoji da 'yan sanda suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri. Mutumin da ya binne ɗan uwansa da hannunsa in ya tambayi bindiga, ba a amsa masa da tsawa.

To mu fara da asali. Kare kai halas ne, babu jayayya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa mutumin da ya rasa ransa wajen tsare dukiyarsa yana da matsayin shahada, kuma ruwayar Sa'idu ɗan Zaidu a wurin Abu Dawuda da Tirmizi ta haɗa da mai tsare iyalinsa da jininsa da addininsa. A Suratun Nisa'i, aya ta 102, ko a cikin sallar tsoro an umarci masu salla su kasance cikin shiri da makamansu. Ita ma dokar ƙasa ta san da wannan haƙƙi, yana cikin sashe na 33 na tsarin mulkin 1999. Saboda haka wanda ya ce maka tawakkali shi ne ka miƙa wuya kamar ragon layya, bai fahimci tawakkali ba.

Amma malaman fiƙihu ba su bar ƙofar nan a wangale ba. Suna kiran babin "daf'us sa'il", wato tunkuɗe wanda ya afko maka. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu a Mukhtasar ya kawo cewa ana fara gargaɗin mai afkowa in mai fahimtar magana ne, kuma ba a nufin kashe shi sai an san ba abin da zai tsayar da shi sai hakan. Ya ƙara da cewa wanda zai iya gudu ba tare da cutuwa ba, bai kamata ya kai ga raunata shi ba. In ɗan ta'adda ya riga ka da harbi, to maganar gargaɗi ta faɗi, wannan a fili yake. Abin da nake so ka riƙe shi ne, an halatta maka tunkuɗewa gwargwadon buƙata. Farauta da ramuwa da yanke hukunci a bakin rafi, waɗannan ba su cikin abin da aka ba ka.

Yanzu ga maganar fistol ɗin kanta. Bidiyon da kuke kallo na Amurka ne, ƙasar da tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami tun 1791. Mai yawon dajin Alaska ko Montana abin da yake tsoro beyar ce, dabba guda, ba ta da mashin, ba ta da infoma a cikin gari. Su ma ɗin, binciken da aka wallafa a 2008 kan Alaska ya nuna barkonon fesawa ya tsayar da beyar a wajen tara cikin goma na lokutan da aka yi amfani da shi. Wato ko a can ba kowane masani ke cewa bindiga ce amsa ba. Balle mu da dajinmu dabam, dokarmu dabam.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959 kuma har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A nan aka sa bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da gurneti. To ku saurara da kyau: fistol da libarba a cikin wannan kashin suke, har da ƙirar gida. Hukuncin wanda aka kama da ita babu lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, adaka da 'yan uwanta, waɗanda al'amarinsu ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa kamawa da laifin tashin hankali a shekaru biyar na baya. A watan Agustan 2023 ma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Ka ga kenan, wadda ta fi kowace sauƙi a ƙugu ita ta fi kowace nauyi a gaban alƙali. Me ya sa? Saboda ɓoyuwarta. Abin da ya sa kake sonta shi ne ya sa ɗan fashi yake sonta. Sojan da ya tsayar da kai a shinge ya laluba ya ji ƙarfe a ƙugunka ba zai tambaye ka ko kai limamin unguwa ne ba. Kuma tunda babu hanyar halas da talaka zai same ta, to a hannun wa za ka saya? A hannun dillalin da ke sayar wa mutanen daji. Kuɗinka ya shiga jarinsa, ka taimaki wanda kake gudu. Ba ka kuma san ran wa aka ɗauka da ita kafin ta iso hannunka ba.

Wani zai ce, "Malam, dokar mutum ce, ba ta Allah ba." To ai shari'a ta yarda shugaba ya taƙaita abin da yake halas a asali saboda maslahar jama'a. Manzon Allah (SAW) da kansa ya tsara yadda ake ɗaukar makami a cikin mutane: a hadisin Abu Musa ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa, don Shaiɗan na iya fizgar hannunsa. Wannan a zamanin kibiya da takobi kenan, ina ga abin da taɓa kunama kawai yake buƙata?

Ba ina wanke hukuma ba ne. Wanda ya hana ka riƙe makami ya ɗaura wa kansa nauyin tsare ka, kuma Allah zai tambaye shi jinin kowane manomi da aka zubar a kunyar gonarsa. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga, nan take babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Manya suna ja-in-ja, talaka yana tsakiya. Daga baya Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka kafa rundunonin tsaron al'umma masu rajista da horo. Wannan hanyar, duk da kura-kuranta, ta fi kusa da abin da shari'a ta sani: makami a hannun wanda aka tantance, yana da shugaba, akwai mai tuhumarsa in ya yi ɓarna.

A ajiye doka gefe ma, mu yi lissafin hankali. Fistol irin Glock 19 ko an cika ta ba ta kai kilo ɗaya ba, kuma amfaninta a hannun gwani bai wuce mita 50 ba. A hannun wanda bai taɓa horo ba, gabansa na faɗuwa, hannunsa na rawa, ko taku goma sai Allah. Kuma gwargwadon rashin nauyin bindiga gwargwadon yadda take zillo a hannu in ta tashi. AK-47 kuwa tana ɗaukar harsashi 30, tana kaiwa mita 300. Su kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, mashina ne jere, goyon biyu, goyon uku. 'Yan sa-kan da aka kashe a 2022 jarumai ne, da makamansu, da yawansu, sun san dajin kamar tafin hannunsu. Abin da shugabanninsu suka faɗa wa manema labarai shi ne an tsegunta wa 'yan bindiga tafiyarsu. Labari ne ya ci su kafin harsashi.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba wannan ba ne. Bindiga tana sauya zuciyar mai ita. Hanyar da jiya kake kauce mata, yau sai ka ce a bi, ai ina da kaya. Sa'annan da magariba ka hango mutum da sanda da rawani ya fito daga cikin dawa, tsoro ya kama ka, ka saki wuta. Ashe makiyayi ne yana neman ɗan maraƙinsa, ko maƙwabcinka ne ya tsaya kama ruwa. Kisan kuskure yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a Nisa'i aya ta 92, aya ta 93 kuma ta yi wa mai ganganci narkon da ke sa gashin jiki ya tashi. Ƙasar Zuru gida ce ta Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista da masu gargajiya. Fuskar mutum ko harshensa ba hujja ba ce a kan jininsa. Gawa ɗaya ta zalunci tana iya jawo wa ƙauye guda abin da shekara goma ba ta gyara ba. Ban ma taɓo yaran gida da ke laluben ƙarƙashin katifa ba, ko ranar da rigimar iyakar gona ta haɗa ka da ɗan baffanka alhali abin yana ƙugunka.

Ku duba Hijira. Wanda ya fi kowa tawakkali, da ya tashi bin hanyar da ake farautarsa, me ya tanada? Abokin tafiya, Abubakar. Ɗan jagora masanin hanya da aka ɗauka haya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali a lokacin bai ma musulunta ba. Madina tana arewa, suka yi kudu, suka kwana uku a kogon Saur. Abdullahi ɗan Abubakar yana wuni a Makka yana sauraro, da dare ya kawo labari. Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki su shafe sawu. Sa'annan suka bi ta gaɓar teku, suka bar hanyar da kowa ya sani. Dubi yawan abin da aka kashe a kan labari da sirri da zaɓen lokaci.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Kada ka shiga daji kai kaɗai, hanin tafiyar mutum ɗaya musamman da dare ya tabbata a hadisin Ibnu Umar. Ku yi gayya, a yi noman wannan yau, gobe na wancan, a sa mutum a kan tudu ko bishiya yana duba hanya. Kafin ka tayar da mashin kira wani a ƙauyen da za ka, ka ji ko hanya ta yi kyau. Mutum ɗaya a gida ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka, amma majalisar mai shayi ba ta buƙatar sani. Waya da caji, da lambar mai unguwa da ta shugaban 'yan banga da ta jami'an tsaro mafi kusa. In an ce an ga sawun mashina, koma gida, buhun masara ba ya fansar rai. Kuma kada tsoron ɗan bindiga ya mantar da kai kububuwa da kasa, su ma suna kashewa a lokacin girbi. Maganinsu takalmin roba mai tsawo da sanda da tocila, in kuma tsautsayi ya faɗa a garzaya asibiti, ban da tsaga wurin, ban da ɗaure shi tamau.

Wanda kuma yake da ƙarfi da zuciya yana son ya tsaya wa garinsu, ya je ta hannun hakimi da DPO ya shiga ƙungiyar da hukuma ta sani, sunansa a rubuce, makaminsa a rubuce, ya karɓi horo, ya koyi hukuncin jini kafin ya koyi saiti. Maharbi mai tsohuwar adakar gado ya je ya bincika matsayin takardarsa tun kafin a tambaye shi.

A darasi mai zuwa in sha Allahu za mu ɗauki hukuncin infoma, da mai kai wa mutanen daji fetur da burodi, da abin da ya wajaba a kan wanda ya gane cewa ɗansa ne. Allah ya zaunar da ƙasar Zuru lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da manoma gonakinsu. Wallahu a'alam.