Ki Fara da Kwanon Kaka

Wata malamar sakandare ta rubuto daga Anacha. Ɗalibanta 'ya'yan Hausawa ne mazauna wajajen Upper Iweka, kuma duk ranar da ta ɗauko zancen abincin tsofaffi sai aji ya kaure da dariya, wani ma ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar kakansa. Yaya za ta yi?

Malama, kada dariyar ta ɓata miki rai. Jika da kaka abokan wasa ne, kuma ta wannan ƙofa za ki shiga. Ki ba su aikin gida: kowa ya zauna da kakarsa ko wani dattijon unguwa kwana 3, ya rubuta abin da tsohon ya ci, da abin da ya rage a kwano, ya kuma tambaye shi dalili.

Za ki sha mamaki. Dattijon da ke tsaron buhunan albasa a bakin tasha tun asuba, shayi da burodi ne karyawarsa, goro har la'asar, garin kwaki da dare. In an sa masa nama sai ya miƙa wa jika, a ce kara ce, alhali haƙoran ne babu. Ga shi tsufa na zaftare tsoka, sai da abinci mai gina jiki. A nan ne za ki kawo alale, dafaffen ƙwai, kifi, kunun gyaɗa, fura da nono, da miyar zogale ko ta ugu, tunda ugu ba ya wuya a Anacha.

Ruwa kuma, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani ma da gangan yake ƙin sha don gudun yawan fitsari a kasuwa. Yaran su riƙa miƙa masa ko bai nema ba. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙule na cikin lissafi. Mai ciwon suga ko na ƙoda, likita zai tsara masa.

Ranar 1 ga Oktoba ce ranar tsofaffi ta duniya, amma ta faɗo a hutun samun 'yancin kai. To, a makon sai ki gayyato wata kaka aji ta koya musu dama kunun gyaɗa, mai kwaikwayon nan shi zai riƙe mata ludayi.