Darasi na 24: Wane ma'auni ya dace da wane aiki?

Wata mata ta aiki ɗiyanta biyu kasuwa, kowa ya sayo mata igiya kamu goma. Babban ya auna da hannunsa, ƙaramin ma ya auna da nasa. Da suka komo gida, sai aka ga igiyar babban ta ɗara ta ƙaramin tsawo. Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu. Hannuwansu ne ba ɗaya ba.

Saboda irin wannan rikici ne mutane suka nemi awo guda. A shekarar 1795 ƙasar Faransa ta kafa metir. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Faris, suka yarda su yi aiki da shi. Metir ɗaya santimetir 100 ne, ko milimetir 1000.

1. Inda ido ba ya isa

Tela da magini suna awo da metir, ya kuma ishe su. Amma mai sassaƙa ƙarfen injin mota, milimetir ya yi masa girma. Kaurin gashin kai bai kai milimetir 0,1 ba. In ƙarfen ya yi kauri da kamar gashi guda, sai ya ƙi shiga wurinsa. In ya sirance, sai ya riƙa girgiza, mai ya yi ta yoyo, injin ya lalace. An yi asarar ƙarfe da kuɗi da wahala.

Cikin masana'antu, inji ne ke tura wuƙar yanka gaba da baya. Inji ba shi da ido. Don haka ake ɗaura masa wata na'ura mai faɗa masa inda wuƙar take, da yawan gusawar da ta yi. Sunanta ma'aunin gusawa.

2. Iri huɗu

Mai gogawa. Wani ɗan harshen ƙarfe ne ke zamewa bisa siririyar hanya mai ɗauke da wutar lantarki. In harshen ya gusa, ƙarfin wutar ya sake, inji ya gane nisan. Haka maɓallin ƙara murya na wasu rediyo yake aiki, wanda ake turawa da yatsa. Yana da araha da sauƙin ɗaurawa. Aibinsa, gogawa tana cinye shi a hankali.

Mai gilashi. Sandar gilashi ce da aka yi wa zane-zane ƙanana, har zane 50 cikin milimetir guda. Ƴar fitila tana haska gilashin, wani idon lantarki yana ƙidaya zanen da suka wuce. Yana iya gane milimetir 0,001. Amma yana da tsada, kuma ƙura da mai suna rufe masa zane. Shi ya sa ake sa shi cikin kube.

Mai mayen ƙarfe. Doguwar ɗamara ce mai ɗauke da mayen ƙarfe jere-jere. Kan na'urar yana wucewa bisanta ba tare da ya taɓa ta ba. Ƙura da ruwa da mai ba su dame shi ba. Sai dai galibi bai kai mai gilashi gane ƙanƙanen abu ba, kuma garin ƙarfe yana manne masa.

Mai amsa-kuwwa. Yana aika wata ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji. Ƙarar ta bugi abu ta komo, na'urar ta lissafa lokacin. Da irin wannan dabara jemage ke gane hanyarsa da dare. Ƙara tana tafiyar kimanin metir 340 a daƙiƙa guda cikin iska. Wannan iri yana auna abu daga nesa, amma ba ya gane kaurin gashi.

3. Tambayoyi huɗu kafin saye

Ma'aikaci mai hankali ba ya cewa: «A ba ni wanda ya fi kyau.» Yakan tambayi kansa tukuna:

a) Tafiyar abin da za a auna, milimetir kaɗan ce ko metir da yawa?
b) Kuskure nawa aikin zai iya ɗauka?
c) Wurin aikin fa, akwai ƙura, ko mai, ko ruwa, ko zafi?
d) Nawa ne kuɗin saye, nawa ne na gyara?

Ga misali. Wani kafinta yana da injin yanka katako mai tsawon metir 3. Kuskuren rabin milimetir ba ya ɓata ƙofa. Shagonsa kuwa cike yake da garin katako. In ya sayi mai gilashi, ya biya kuɗin abin da ba ya bukata, garin katako kuma zai yi ta neman hanyar shiga kuben. Mai mayen ƙarfe ne ya dace da shi.

Maƙwabcinsa mai sassaƙa ƙarfe ba zai yarda da kuskuren da ya wuce milimetir 0,01 ba. In ya bi araha, zai yi ta zubar da ƙarfe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Shi mai gilashi cikin kube ya kamace shi.

Mai kula da babban tankin ruwan gari kuma so yake ya san inda ruwa ya tsaya. Mai amsa-kuwwa da aka rataya daga sama ya ishe shi.

4. Zafi ma yana da magana

Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Sandar baƙin ƙarfe mai metir 1 tana ƙara kimanin milimetir 0,012 duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 1. Don haka masana'antun duniya suka shirya cewa awon gaskiya shi ne wanda aka yi a digiri 20.

Da bazara zafi yakan kai digiri 45 a Tawa ko Damagaram. Bambancin digiri 25 ke nan.
25 × 0,012 = 0,3
Sandar ta ƙara milimetir 0,3, wato kaurin gashi ukku ko fiye. Ma'auni komi tsadarsa ba zai hana wannan ba. Ma'aikacin ƙwarai yakan bar ƙarfe ya huce kafin ya auna shi.

Abin riƙewa

Babu ma'aunin da ya fi sauran a kowane wuri. Wanda ya dace shi ne wanda ya isa tsawon aikin, ya gane ƙanƙantar da ake bukata, ya jure wa wurin, kuɗinsa kuma bai fi ƙarfin mai saye ba.

Tambayoyi

1. Don mi igiyoyin yaran biyu ba su zo daidai ba?
2. Wane ma'auni ne gogawa ke cinyewa?
3. Don mi mai gilashi bai dace da shagon kafinta ba?

Lissafi

1. Sandar ƙarfe mai metir 2 ta tashi daga digiri 20 zuwa digiri 40. Milimetir nawa ta ƙara?
2. Ƙara ta tafi ta bugi ruwa ta komo cikin daƙiƙa 0,02. Metir nawa ne tsakanin na'ura da ruwan? Ku tuna, tafiya biyu ce: zuwa da komowa.

Aiki

Ku auna tsawon allon aji da kamu, kowa da hannunsa. Ku rubuta abin da kowa ya samu. Sa'an nan ku auna da metir, ku gwada.