Me Ya Sa Kuɗin POS Ke Shigowa Da Giɓi?

Tambaya: Ina sayar da hatsi a Kasuwar Kwastam, Maiduguri. In mai saye ya biya da kati, kuɗin ba sa shigowa cif. Cuta ce?

Amsa: Alhaji, ba cuta ba ce, ladan aiki ne. Bankinka, bankin mai saye da kamfanin katin, irin su Verve, na cikin masu raba shi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta sa kashi 0.5 cikin 100, kada ya haura naira 1,000. Cinikin 40,000 ke nan, a cire 200.

Na san ribar buhu ba ta da yawa, abin da ciwo. Amma kada ka ɗora wa mai saye ƙari saboda kati, ƙa'ida ta hana. Ajiye rasit, kullum da yamma ka gwada da alat. In cirar ta zarce ƙa'ida, nufi bankinka da rasit ɗin.