Darasi: Cikin Da Ya Zo Ba Shiri, Mene Ne Abin Yi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake halitta abin da Ya so a cikin mahaifu, a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi al'amarin da ake jin nauyin faɗarsa a bainar jama'a, alhali kuwa yana shiga gidaje da yawa, birni da ƙauye. Shi ne cikin da ya zo ba a shirya masa ba. Wata tana goyon ɗan wata biyar sai ta ga al'ada ta ɗauke. Wani magidanci rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta faɗi, sai iyalinsa ta ce masa ga abin da ke nan. Wata kuma yarinya ce da ba ta da aure, an yaudare ta ko an fi ƙarfinta. Dukansu tambaya guda ke hana su barci: yaya za a yi? Galibi kuma ana yanke shawarar cikin tsoro, a ɓoye, cikin gaggawa, shi ya sa take ƙarewa da nadama, wani lokaci har da gawa.

Na Farko: Matsayin Abin Da Ke Cikin Mahaifa

Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana matakan halittar ɗan Adam: kwana 40 yana ɗigon ruwa, kwana 40 yana gudan jini, kwana 40 yana tsoka, sa'an nan a aiko mala'ika ya busa masa rai. Jimla kwana 120, wato wata huɗu. Malamai sun haɗu a kan cewa bayan wannan lokaci zubar da ciki haramun ne, domin kashe rai ne.

Kafin kwana 120 kuwa akwai saɓani. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a ƙasar nan, shi ne haramci tun daga lokacin da ruwan ya zauna a mahaifa, ko da bai kai kwana 40 ba. Haka Shehu Dardir ya tabbatar a sharhinsa na Muhtasar. Lahmi daga cikin Malikiyya ya yi sauƙi kafin kwana 40, haka ma mafi yawan Hanbaliyya. Wasu Hanafiyya sun yarda kafin wata huɗu idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Imamu Gazali daga Shafi'iyya ya ce laifi ne tun daga farko, kuma yana ƙara girma gwargwadon yadda halittar take ƙara cika.

Shari'a ta kuma sa wa ɗan tayi diyya, wadda ake kira gurra. Asalinta hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke a kan wasu mata biyu na ƙabilar Huzailu, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse har cikinta ya ɓare. Malikiyya sun ƙiyasta ta da dinari 50 ko dirhami 600, wato ushurin diyyar uwa. Wannan yana nuna mana cewa abin da ke cikin ciki yana da haƙƙi nasa na kansa, wanda uwa ko uba ba su da ikon yafe shi don son ransu.

Na Biyu: Ƙofar Lalura

Addinin Musulunci bai rufe ƙofa ga mai lalura ta gaskiya ba. Idan amintattun likitoci suka tabbatar barin cikin zai kashe uwa, to ana cire shi ko bayan wata huɗu ne, domin uwa ita ce tushe, rayuwarta tabbatacciya ce, kuma ana ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Misalinsa cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ba ya rayuwa, kuma idan aka bar shi sai ya fashe, jini ya tsinke wa mace ta ciki. Mijin da ya hana a yi wa matarsa aiki a irin wannan hali yana ganin tsoron Allah ne, to ya sani ya ɗauki alhakin ranta.

A shekara ta 1990, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar ɗan tayi yana da mummunar naƙasa marar magani, ya halatta a cire shi kafin kwana 120 bisa buƙatar iyayensa. Bayan haka kuwa ba ya halatta sai don ceton ran uwa. A lura da cewa malamai suna ƙirga kwanakin daga shigar ciki, su kuwa likitoci suna ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, saboda haka kwana 120 na malamai ya yi daidai da kusan mako 19 a lissafin likita.

Dokar lafiyar haihuwa da Nijar ta kafa a shekara ta 2006 ita ma a kan hujjoji biyu ta tsaya: hatsari ga rai da lafiyar uwa, da kuma mummunar cuta a jikin ɗan tayi, duka bisa shawarar likitoci. Lalura ke nan ba mace ce ke yanke ta ita kaɗai ba, ba kuma miji ko ƙawa ko mai maganin kasuwa ba. Likita ne zai faɗi halin jiki, malami ya faɗi hukunci.

Na Uku: Tsoron Talauci

Allah Ya hana kashe ƴaƴa saboda talauci a wurare biyu. A Suratul An'am, aya ta 151, magana a kan talaucin da ake ciki ne, sai Ya gabatar da arzikin iyaye kafin na ƴaƴa. A Suratul Isra'i, aya ta 31, magana a kan talaucin da ake tsoron zuwansa ne, sai Ya gabatar da arzikin ƴaƴa kafin na iyaye. Malaman tafsiri sun ce a nan akwai kwantar da hankali ga kowane irin magidanci, wanda yake cikin babu da wanda yake hangenta. Bahaushe ma ya ce bakin da Allah Ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Amma kada mawadata su ɗauki wannan ya zama wa'azin da za su yi wa talaka su wuce. Arzikin da Allah Ya yi alkawari sau da yawa ta hannun ɗan'uwa da maƙwabci yake fitowa. Mai ciki marar ƙarfi tana cikin waɗanda suka fi cancantar zakka da sadaka a unguwa.

Na Huɗu: Kunika

Mata da yawa suna firgita idan ciki ya shiga suna goyo, saboda gorin kishiya da dangin miji, da kuma zaton cewa nonon mai ciki guba ne. Sai a yaye yaro rana ɗaya, a kai shi wurin kaka, ya kama zawo da rama har tamowa ta shige shi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sa'an nan ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ta cutar da ƴaƴansu, sai ya bari. Imamu Malik ya fassara gila da saduwa da mace mai shayarwa, wasu malamai kuma suka ce shayarwar mai ciki ce. Likitoci a yau sun tabbatar mace mai lafiya tana iya ci gaba da ba da nono tana da ciki, muddin tana samun abinci isasshe, sai fa idan an ga wata matsala a wurin awo. Kunika ba abin kunya ba ce, ba kuma hujjar zubar da ciki ba ce. Mijin da ya ɗaure fuska a kanta ya tuna ba ita kaɗai ta yi cikin ba.

Don gaba kuma, akwai hanyar halal. Sahabbai sun kasance suna yin azalu a zamanin Annabi (SAW) ba a hana su ba, kamar yadda Jabir (RA) ya ba da labari, kuma Malikiyya sun sharɗanta yardar mace. A shekara ta 1988, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti, ta halatta tazarar haihuwa ta wani lokaci bisa shawara da yardar ma'aurata, idan hanyar ba ta da cutarwa kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki.

Na Biyar: Cikin Da Ba Na Aure Ba

Wannan shi ne mafi tsanani, domin kunya ita ke tura yarinya da uwarta wurin da za a kashe su. Zina babban zunubi ne, maganinsa tuba. Zubar da ciki ba ya kankare shi, sai dai ya ƙara wani a kansa. Muslim ya ruwaito labarin matar nan Bagamidiya da ta zo wa Annabi (SAW) da cikin zina. Ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye, sa'an nan ya danƙa yaron ga wani Musulmi ya riƙe. Duk wannan don kiyaye haƙƙin yaron ne. Alƙur'ani ya tabbatar a Suratu Faɗir, aya ta 18, cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Yaron Musulmi ne cikakke, ana yi masa suna, ana danganta shi ga uwarsa, suna gadon juna. Jefar da jariri a kwalbati ko a shara ta'asa ce, ɗaukar wanda aka tsinta kuwa farillar kifaya ce a kan jama'a.

Iyaye su sani korar yarinya daga gida ba ta wanke sunan gida. Tana jefa ta ne hannun mutanen banza. Abin da ya kamata shi ne a rufa mata asiri, a kula da ita har ta sauka, a taimake ta ta tuba. A Malikiyya ba a ɗaura mata aure sai ta haihu, saboda haka kada a yi gaggawar aure don ɓoye ciki. Mutanen unguwa su kame bakinsu, su tuna bulala 80 da Suratun Nur ta yanke wa mai ƙazafi. Shi kuma namijin da ya ɓata ƴar mutane ya zame, ya sani laifinsa bai gaza nata ba, ko da mutane sun manta da shi.

Wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Imamu Malik ya ɗora wa wanda ya tilasta ta haddi da biyan sadakin irinta. A gaggauta kai ta likita cikin kwana 3, domin akwai magungunan kariya daga cututtuka da ba sa aiki in lokaci ya wuce, a kuma kai ƙara ga hukuma. Idan ciki ya bayyana, a nemi masanin fiƙihu mai tausayi tare da likita tun da wuri, su duba halinta ita kanta.

Na Shida: Hatsarin Zubarwa A Ɓoye

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekara ta 2017 ya nuna kashi 45 cikin 100 na zubar da ciki a duniya ana yin sa ne ta hanya mai hatsari, a Afirka kuwa kusan uku cikin huɗu. Jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƴan tebur da cusa abubuwa a jiki suna jawo tsinkewar jini, ruɓewar mahaifa, lalacewar ƙoda, rashin haihuwa har abada, ko mutuwa. Idan abin ya riga ya faru, aka ga jini ko zazzaɓi ko ciwon mara mai tsanani, a ɗauke ta zuwa gidan haihuwa nan take, a kuma faɗa wa likita gaskiya. Ceton ranta wajibi ne, faɗa da nasiha sa biyo baya.

Na Bakwai: Abin Yi A Taƙaice

1. A tabbatar da cikin a likita, a san watanninsa, kafin a yanke komai.
2. Kada mace ta riƙe abin ita kaɗai. Ta faɗa wa mijinta, ko uwarta, ko wata dattijuwa mai amana.
3. A fara awon ciki tun cikin wata uku na farko, a sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro.
4. Idan likita ya ambaci hatsari, a kai bayaninsa ga malami ba tare da jinkiri ba, domin hukunci yana canzawa da kwanaki.
5. A yawaita addu'a da istigfari, a roƙi Allah Ya sa albarka a cikin abin da Ya ƙaddara.

Ya ku magidanta da kuke cika sahun masallatai, kalmar farko da za ta fito daga bakinku ranar da aka kawo muku labarin ciki ita ce sau da yawa take raba tsakanin rai da mutuwa. Matar da ta san mijinta zai ce Alhamdu lillahi, da yarinyar da ta san ubanta ba zai kore ta ba, ba za su nemi mai zubar da ciki ba. Kowa ya koma gidansa ya isar da wannan darasi ga iyalinsa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.